Ƙwayar Da Ba Ta Tsoron Sanyi

Wadda ke da firiji a gida ta san ko madara ta daɗe a ciki, wata rana sai ta tarar ta lalace. To, me ya ɓata ta alhali ga sanyi? Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Yawancin 'yan'uwansu sanyi na kashe musu jiki, amma su waɗannan suna hayayyafa ko da awon sanyi ya sauka zuwa digiri 4. Ɗaya daga cikinsu ita ce masana ke kira Pseudomonas fluorescens.

Abin mamaki, wannan mai ɓata mana madara ta zama abokiyar manoma a Amurka. Can akwai wata mugunyar cuta mai kama itatuwan tuffa da danginsu. Wata bakteriya ce ke kawo ta. Takan shiga ta cikin fure, reshe ya yi baƙi ya bushe sai ka ce wuta ta lashe shi. Wani lokaci ma itacen duka ya mutu.

Da farko manoma suna fesa maganin streptomycin, wanda likitoci suka yi ta amfani da shi wajen tarin fuka. Amma a 1971 aka gano a Jihar Kalifoniya cewa cutar ta fara daina jin maganin.

Sai wani masani, Steven Lindow na Jami'ar Kalifoniya, da abokan aikinsa suka ware wani iri na waccan ƙwaya mai jure sanyi, aka sa masa lamba A506. Ga dabarar: tuffa tana fure ne bayan hunturunsu, sanyi bai gama tafiya ba. Ita kuwa cutar ba ta yin ƙarfi sai gari ya ɗumama. Idan aka fesa A506 da wuri, sai ta cika furen, ta cinye abincin da ke wurin. Kafin cutar ta iso, ba masauki, ba abinci. Ai dama wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi.

Sai dai fa wannan riga-kafi ne, ba ya warkar da itacen da ya riga ya kamu, kuma rage cutar yake yi, ba ya kawar da ita gaba ɗaya.

Uwargida, ke ma kina da naki yaƙin a kicin. Dankalin Turawan nan da ke narkewa yana wari, aikin bakteriya ne. Ki ware mai rauni tun da wuri, kada ki wanke sauran sai za ki dafa, ki ajiye shi inda iska ke kaɗawa.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ku riƙe darasin kimiyya da kyau. Gonakinmu na tumatir da dankali suna jiran masu irin wannan bincike. Allah Ya ba da sa'a, amin.