HARSASHI YA ƘWARE, NAMA YA ƘARE

A ƙasar Adar, daga fadamar Majiya zuwa duwatsun Buza da Keita, harbi sana'a ce ta gado. Maharbi na da bai san mudubin hange ba. Abin da ya sani shi ne baka da kwari, da kibiya mai tsini da kunne, da kuma dafin kwankwani da ake dafawa a ɓoye. Tsini ya huda fata, kunne ya riƙe, dafi ya ƙarasa aiki. Bayan kibiya sai bindigar maƙera ta zo, wadda ake ɗura wa albarushi da guntayen ƙarfe ta baki. Ƙararta ta fi cizonta, kuma sau da dama dabba takan tsere da rauni ta je ta mutu nesa, ba ta amfani kowa ba.

Wannan matsala ta dabbar da aka raunata ita ce maƙeran harsashi na Turai da Amurka suka daɗe suna nema wa magani. Harsashi mai kaifin tsini yana ratsa iska ba tare da ya kauce ba, amma idan ya shiga jiki sai ya wuce kamar allura. Mai rami a baki kuwa yana buɗewa cikin nama ya kashe nan take, sai dai iska na rage masa gudu tun kafin ya isa. A shekara ta 1984 kamfanin Nosler na Amurka ya fito da harsashin da ya haɗa halayen nan biyu, mai suna Ballistic Tip: darma a ciki, rigar jan ƙarfe a waje, rami a baki, sannan aka toshe ramin da ɗan tsinin roba mai tauri.

Aikin tsinin nan biyu ne. A cikin iska yana sa harsashi ya miƙe, ya riƙe gudunsa, wanda kan kai mita 800 zuwa 900 cikin daƙiƙa guda. Bindiga mai kyau a hannun gwani tana iya tara harbi uku cikin wurin da bai fi santimita uku ba daga nisan mita ɗari. Da ya taɓa jiki kuma, tsinin sai ya koma baya kamar turu, ya tsaga rigar, harsashin ya buɗe kamar laima.

Amma kowane gwani da ranarsa. Irin na farko, masu siririyar riga, sukan farfashe idan sun ci karo da ƙashin kafaɗa daga kusa, su bar mummunan rauni a sama ba su kai huhu ko zuciya ba. Daga nesa ƙwarai kuma, idan gudu ya ragu, ba sa buɗewa yadda ya kamata. Don haka aka ƙera waɗanda aka liƙe darmarsu da rigarsu, aka kuma ƙera na jan ƙarfe zalla. Ga giwa kuwa, maharba har yau sun fi yarda da harsashin da ba ya buɗewa sam, domin shi ke keta ƙashi mai kauri. Akwai wata illa kuma: darma guba ce, gutsattsarinta na saura cikin naman da mutane ke ci, da cikin mushen da ungulu ke ci. Wannan ya sa jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma gaba ɗaya tun 2019.

Tambayar da ta shafi mutanen Madawa da Buza da Keita ita ce: wace dabba za a harba da shi? A daidai shekarar da wannan harsashi ya fito kasuwa, wato 1984, fari ya sake afka wa Nijar, shekara goma bayan na 1973 da 1974. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda mata da maza suka ɗauki duwatsu a ka domin tare zaizayar ƙasa. Gonaki sun hau tudu, itatuwa sun tafi murhu, manyan namun daji suka rasa mafaka. Abin da maharbin Adar ke samu yau bai wuce zomo da zabon daji da fakara ba. Mariri, wanda a da ke kiwo garke-garke a arewacin ƙasar, an bayyana a shekara ta 2000 cewa ya ƙare a daji duk duniya, sai a 2016 aka maido da shi ƙasar Cadi daga waɗanda ake kiwo a killace. Raƙuman dawa na Nijar sun ragu har zuwa kamar hamsin a 1996, dukansu a yankin Kure. Kariya ce ta sa suka sake yawa, har a 2018 aka kai takwas gandun Gadabeji, cikin ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955.

Hukuma ta rufe farauta a 1974. Daga baya doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa ƙa'idodi: ba farauta sai da takardar izini kuma cikin lokacin da aka buɗe, an hana bin dabba da mota, an hana farautar dare, an hana guba da wutar daji da makaman yaƙi. Ɗan kasuwar da ke sha'awar shigo da irin waɗannan kaya, da ma'aikacin da ke fita daji ranar hutu, ya kamata su san cewa bindiga da harsashi ba hajar da ake bazawa a rumfa ba ce, sai da yardar hukuma.

Maharban da sun san lokacin buɗin daji da lokacin rufe shi, sun san ba a harbin mai ciki ko mai goyo. Waccan ƙa'ida ta fi kowane tsinin roba amfani ga Adar, domin barewa ba ta dawowa inda babu ciyawa da kwanciyar hankali. Idan itatuwan da aka dasa a Keita suka samu masu tsaro, watakila jikokin maharba su ga barewa da idonsu.