Bikin Ranar Haihuwar Yara A Lambu: Yadda Za A Shirya Shi

A 'yan shekarun nan bikin zagayowar ranar haihuwar yara ya zama ruwan dare a biranenmu, tun daga Ikko da Fatakwal har zuwa Abuja, Kaduna da Kano. Akan kama ɗakin taro, a ɗauko mai kiɗa, a cika tebur da lemon kwalba da alewa, sa'an nan a tashi a bar uba da bashi, uwa da gajiya, su kuwa yaran su koma gida da ciwon ciki da 'yan kayan wasa na roba waɗanda ba su kwana biyu ba su karye ba. To, akwai wata hanya wadda ta fi wannan sauƙin kuɗi, ta kuma fi amfani, watau a yi bikin a lambu, a mai da yaran manoma na yamma guda, kowanne ya tafi gida da shukar da ya yi da hannunsa. Gidajen da ba su da al'adar bikin ranar haihuwa su ma za su iya bin wannan tsari a walimar saukar karatu, ko ta gama makaranta, ko a hutun Salla da na Kirsimeti.

Haɗa yara da lambu abu ne mai asali. A shekarar 1840 wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna Kindergarten, ma'anarsa "lambun yara", ya kuma yanka wa kowane yaro ɗan fili inda zai shuka abin da ya ga dama. Mu ma a gargajiyance haka mu ke yi, domin yaro yakan bi ubansa gona, in ya yi wayo a ba shi gayauna tasa ta kansa. Amma yau akwai yaran da aka haifa a bene, waɗanda ba su san tumatir ba sai a gwangwani ko a tiren mai talla. Irin waɗannan su ne wannan biki zai fi yi wa rana.

WURI DA LOKACI

Abu na farko shi ne inuwa. Tsakar gida mai bishiyar mangwaro ko darbejiya ta wadatar, haka nan lambun maƙwabci ko na makaranta in an nemi izini. Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya zuwa wuraren shaƙatawa na jama'a, kamar Millennium Park ta Abuja wadda aka buɗe a 2003, ko lambun Agodi a Ibadan, ko Ƙofar Gamji a Kaduna. Sai dai lalle ne a je tun da wuri a tambayi masu kula da wurin ko suna yarda a shigo da abinci, da kuma abin da za a biya a ƙofa.

Bayan wuri sai a dubi yanayi. A kudu damina takan kama daga Afirilu har Oktoba, a arewa kuwa ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka wanda bikinsa ya faɗo a wannan tsakani ya tanadi rumfa ko baranda inda za a fake. A bazara zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, kada a fitar da yara da tsakar rana. A hunturu kuma sai a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura, musamman saboda masu ciwon asma. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar, kamar daga ƙarfe 4 zuwa 6, a sallami kowa kafin magariba, kafin sauro ya fito. Awa biyu ta ishi yara, in an wuce haka sai kuka da faɗa.

Game da yawan baƙi, daidai ruwa daidai tsaki. Yara 10 zuwa 15 sun isa, kuma a sami babba ɗaya ga kowaɗanne yara biyar. A takardar gayyata a gaya wa iyaye su sa wa 'ya'yansu tsofaffin tufafi da takalma masu rufe ƙafa, domin za a taɓa ƙasa.

SHIRIN SHUKA

Shuka ita ce zuciyar bikin, ita kuma ta fi bukatar shiri. Tun saura wata guda a fara tara mazubi: gwangwanin madara, ko gindin gorar ruwa ta roba, ko ledar ruwan sha wadda masu renon itatuwa ke amfani da ita. A huda ƙasan kowanne don ruwa ya riƙa tsiyaya, a kuma daddanne bakin gwangwani kada ya yanki yatsa. Ƙasar zubawa sai a haɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na taki wanda ya ruɓe sosai, gama ɗanyen taki yana ƙone shuka.

A zaɓi irin da ke tsira da sauri, saboda yaro ba shi da haƙurin manomi. Wake yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, masara cikin mako guda, zogale cikin mako ɗaya zuwa biyu. Alayyafo kuwa bayan kamar wata guda an fara sa shi a miya. Wake ya fi kowanne dacewa da ƙananan hannaye, tun da ƙwayarsa babba ce, kuma zurfin gaɓar yatsa ɗaya ya ishe shi. Amma fa a kula: irin shuka da ake sayarwa a fakiti, wanda za ka ga an rina shi ja ko shuɗi, magani ne aka shafa masa, kada a ba yara shi. A ɗebo lafiyayyen wake wanda ƙwari ba su huda ba, a gwada shuka kaɗan kwana 10 kafin biki. Gwajin zai nuna ko irin yana da rai, tsiron da ya fito kuma shi za a nuna wa yara su ga abin da nasu zai zama. A rubuta sunan kowane yaro a jikin mazubinsa.

ADO, ABINCI DA WASANNI

Lambu da adonsa ya zo. Tabarmi, ƙwarya, faifai da 'yan malafuna sun isa, sai mutum-mutumi guda wanda yaran za su taru su yi da kara da tsohuwar riga. Abinci kuwa a bi abin da kasuwa ke yayi: mangwaro a bazara, sabuwar masara dafaffiya ko gasasshiya a damina, lemon zaƙi da agwaluma a hunturu, ga kankana, gwanda da ayaba. A wanke su da ruwa mai tsabta, a yanka dab da lokacin ci, a rufe saboda ƙuda. Zoɓo ko ruwan tsamiya marar yawan sukari zai maye gurbin lemon kwalba. In za a yi kunun aya a yi shi a ranar, a ajiye cikin sanyi, domin yana saurin lalacewa. Kek ɗaya madaidaici ya wadatar.

Wasa ya kamata ya zo kafin shuka, don yara su rage ƙarfi. Ana iya ɓoye lemo ko gauta a sarari mai shara su nema, ko a rufe wa yaro ido ya shinshina ganye ya faɗi sunansa, kamar na'ana'a, ɗoɗɗoya da ganyen lemo. Ga tseren buhu da langa ga manyansu. Bayan shuka a wanke hannu da sabulu, a ci abinci, a rufe da tatsuniya daga bakin kaka in tana kusa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Nan ne ya kamata mai gida ya fi buɗe ido. Kwana ɗaya kafin biki a zagaya wurin kaf. A rufe rijiya da murfi mai nauyi, a zubar da ruwan baho da na bokiti, domin ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarsa ba, kuma ba za a ji motsinsa ba. A kwashe tarin itace, bulo da yayi inda kunama da maciji ke ɓuya. A kulle maganin ƙwari, takin zamani, lauje da fartanya a ɗaki, kada kuma a yi feshi a makon bikin.

Wasu tsirrai da muka saba gani a shinge guba ne. 'Ya'yan zurman, da na bini-da-zugu, da na zaƙami duk suna da haɗari ƙwarai in yaro ya tauna, na bini-da-zugu ma har daɗi gare su a baki, shi ya sa yara kan ci da yawa. Ruwan tumfafiya da na tinya suna cutar da ido. In akwai ɗayansu a wurin, a kange shi ko a sake wuri. Idan yaro ya ci wani abu da ba a amince da shi ba, kada a tsaya ba shi manja ko sa shi amai, a garzaya asibiti tare da guntun abin da ya ci.

Har ila yau, kada a ba yaran da ba su kai shekara biyar ba gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, ko alewa mai tauri, saboda shaƙewa, kuma a tsince guntayen balan-balan da zarar ta fashe. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. A tambayi iyaye tun da wuri ko akwai abincin da jikin ɗansu ba ya karɓa.

A ƙarshe, shi mai bikin a ba shi dashen bishiya ya dasa da hannunsa, nesa da bango da ramin masai. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, mangwaro mai aure kuwa cikin shekara 3 zuwa 4. Ban ruwa ya zama aikinsa kullum safe, kuma duk shekara a auna tsawonsa da na bishiyar a rubuta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba renon shuka tun yana ƙarami da wuya ya girma ya zama mai saran itatuwa ko mai raina manomi. Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.