Godiyar da Ake Gani a Mudu da Mashaya

Mai sauraro, ko kana bayan garke a daji ko kana rumfarka a kasuwar kan iyaka, shirinmu na wannan mako ya taɓo wata godiya da ba kasafai ake tunawa da ita ba. In saniya ta haihu ko ciniki ya faɗa, kowa ya iya cewa ya gode Allah. To, ka taɓa gode masa don ya ba ka haƙuri ranar da aka zage ka?

A koyarwar Kirista, halin kirki kyauta ce daga Allah. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Galatiyawa sura 5, ya lissafa halaye 9, ciki har da ƙauna, haƙuri, aminci da kamun kai, ya nuna Ruhu Mai Tsarki ne ke haifar da su a cikin mutum. Ka ga ke nan ba wayonka ya kawo su ba, don haka babu abin taƙama, sai godiya.

Luka sura 17 ya ba da labarin kutare 10 da Yesu ya warkar a kan iyakar Samariya da Galili. Ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye. Ai yaba kyauta tukwici, tukwicin halin kirki kuwa shi ne a gan shi a aikace.

Kai makiyayi, duba Farawa sura 13. Dabbobin Ibrahim da na Lutu sun yi yawa, makiyaya ta yi kaɗan, masu kiwonsu suka fara rigima. Ibrahim ne babba, baffan Lutu ne, amma ya bar wa yaron zaɓi, Lutu ya ɗauki kwarin Urdun mai ruwa. Ibrahim ya rasa ciyawa mai kyau, ya tsira da zumunci. Haka da rani, in an yi cunkoso a rijiya, bari na gabanka ya gama shayarwa. In shanunka sun faɗa gona kafin a kwashe amfani, kada ka kora su cikin dare ka ɓace. Nemi mai gona, a kira ardo da mai unguwa, a kimanta ɓarna ka biya. Kai ma manomi, kada ka nome burtali.

Kai ɗan kasuwa fa? Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami. Mudun da ka sayi gero da shi, da shi za ka sayar. A Jibiya, Illela ko Maigatari, baƙo kan zo da sefa bai san yadda canji ya kwana ba. Faɗa masa farashin yau, ba na jiya ba. Dillali kuma, in ka san dabba na da ciwo, faɗi kafin a sallama. Wani lokaci la'ada za ta kuɓuce maka, gaskiya ne. Amma mai sayen da ka cuta ba zai komo ba, kuma zai gaya wa 'yan garinsu.

In kuwa ka riga ka ci haƙƙin wani, ƙofa a buɗe take. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin mayar da ninki 4 ga duk wanda ya zalunta.

Maƙwabcinka, Musulmi ne ko Kirista, bai ji addu'ar da ka yi da asuba ba, mudunka yake gani. Yau da dare, kafin ka kwanta, tuna wuri ɗaya da Allah ya riƙe maka harshe ko hannu, ka gode masa. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.