George Foreman bai ƙare a Kinshasa ba

Ranar 21 ga Maris, 2025, da labarin rasuwar George Foreman ya iso, tambayar da na fi ji a bakin dattawan da suka san damben zamani ita ce, "Wanda Muhammad Ali ya kashe a Zayar?" Shi ne kuwa. A wurin mutane da yawa tarihin mutumin nan bai wuce dare ɗaya ba, daren 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa: ƙato mai murtuke fuska da ya zo da ƙarfin tsiya, dabara ta kai shi ƙasa a turmi na takwas.

Ban ga laifin masu wannan ra'ayi ba, domin ni ma a gidan masoya Ali na tashi. Kuma Foreman na wancan zamani bai bar wa kowa ƙofar son sa ba. A unguwar talakawa ta Fifth Ward a birnin Houston ya girma, ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi ƙwace a titi, shi da bakinsa ya sha faɗin haka. Wani shirin gwamnati na koya wa matasa sana'a, Job Corps, shi ya tsamo shi, can kuma ya fara dambe. Ya ci zinare a Olamfik na 1968 a Meziko. A 1973 a Jamaika ya kayar da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu, ya karɓe kambun duniya. Ya iso Kinshasa da wasa 40 ba a taɓa cin sa ba, ga shi riƙe da karensa na Jamus, irin wanda ke tuna wa mutanen ƙasar karnukan 'yan sandan Beljiyam na zamanin mulkin mallaka. Yaya za a yi su so shi? Filin ya ɗauka da "Ali bomaye", wato Ali kashe shi da harshen Lingala.

To amma mu da muka san damben gargajiya ya kamata mu fi kowa gane abin da kalmar nan ke nufi. In an ce an kashe ɗan dambe, ƙasa ya taɓa. Zai tashi ya kaɗe ƙura, a sake haɗuwa da kaka mai zuwa. Shekarun Foreman 25 a daren nan. Ya ƙara wasu 50 a duniya, kuma a cikinsu ne mutumin da nake son a tuna ya bayyana.

A watan Maris na 1977 Jimmy Young ya ci shi da maki a Puerto Rico. A ɗakin canza kaya, jiki ya mutu da zafi da gajiya, ya shiga wani hali da ya ce ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ya roƙi Allah ya cece shi. Ko likita zai kira abin bugun zafi, abin da ya biyo baya ba ya buƙatar fassara. Mutum mai shekara 28, da sauran ƙarfinsa da kasuwarsa, ya ajiye safar dambe har shekara goma. Ya zama fasto. Ya yi wa'azi a bakin titi a Houston, daga baya ya jagoranci wata ƙaramar majami'a, kuma bai rabu da mumbarinta ba har bayan da ya yi kuɗi. A 1984 ya buɗe cibiyar matasa don yaran da ke kan hanyar da shi ya taɓa bi. Addininsa ba nawa ba ne, amma na san tuban gaske idan na gan shi: ana gane shi da abin da mutum ya bari da abin da ya ɗore a kai.

Kuɗin cibiyar nan ne suka fara ƙarewa, shi ya sa ya koma fili a 1987, yana da shekara 38, ga teɓa ga sanƙo. An yi masa dariya sosai. A 1991 ya tsaya wa Evander Holyfield har turmi goma sha biyu, dariyar ta ragu. Sai 5 ga Nuwamba, 1994, a Las Vegas, ya kara da Michael Moorer, matashi ɗan shekara 26 da ba a taɓa ci ba. Turmi tara ana gabansa da maki. A na goma hannun dama ɗaya ya gama magana. Ya karɓo kambun da ya rasa shekara 20 da suka wuce, yana da 45, babu wanda ya kai shi tsufa cikin waɗanda suka taɓa riƙe kambun ajin masu nauyi. Jan wandon da ya faɗi da shi a Kinshasa shi ya saka a daren. Da alƙali ya gama ƙirga, kusurwarsa ya nufa ya durƙusa yana addu'a.

Akwai masu cewa ai daga baya ɗan talla ya zama. Gaskiya ne ba shi ya ƙirƙiro na'urar gasa nama mai lantarki da ya yi wa talla ba, wadda aka karkata ta don kitse ya tsiyaye. Sunansa da fara'arsa ya ba ta. An sayar da fiye da miliyan 100, kuma a 1999 kamfanin Salton ya sayi damar amfani da sunansa a kan dala miliyan 137 da rabi, abin da ya zarce duk abin da dambe ya ba shi. Ban ga aibu a nan ba. 'Yan dambe nawa ne suka tsufa hannu babu komai? Joe Louis ma bashin haraji ya bi shi har tsufa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da a da fuskarsa ke korar jama'a ya zama wanda iyaye mata ke yarda da maganarsa a kan kayan girki.

Batun iyali kuwa ba zan rufe kura da fatar akuya ba: aurensa huɗu sun mutu kafin na biyar, wanda aka ɗaura a 1985, ya zauna har ƙarshen ransa. Yara goma sha biyu ya raina, maza biyar mata bakwai, kuma duk mazan George ya raɗa musu. Mutane sun mai da abin barkwanci. Shi kuwa ya ce yana so su kasance da abin da ya haɗa su, in ɗaya ya ɗaukaka su ɗaukaka tare, in ya faɗi su ji a jikinsu. Sai da ya girma ya gano cewa mutumin da yake ɗauke da sunansa ba shi ya haife shi ba. Wanda ya san wannan ba zai yi wa sunayen nan dariya ba.

Har shi Alin da muke jingina da shi don mu taƙaita Foreman, bai taƙaita shi ba. Foreman ya ce ya daɗe yana jin zafin Kinshasa, yana neman uzuri, kafin ya karɓi kayen, su biyun suka zama aminai masu kiran juna a waya. A 1997, da fim ɗin When We Were Kings, wanda aka yi a kan karawarsu, ya ci kyautar Oscar, aka kira su kan dandamali. Lokacin ciwon Parkinson ya riga ya ci ƙarfin Ali, tafiya na yi masa wuya. Foreman ne ya tallafe shi suka hau matakalar.