Yaron da aka cutar ba kasafai yake faɗa da baki ba

A watan Yunin 2020 'yan sandan Kano suka kama wani mutum a Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Kiru, bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, har da yara 'yan shekara goma. Wata uwa ce ta riske shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka bi shi suka cafke. Shekara gudan nan ita ce abin dubawa. Da wuya a ce ba wanda ya ga wata alama a jikin yaran tun farko.

Yaro yakan yi shiru ne saboda mai cutar da shi galibi sananne ne: ɗan gida, maƙwabci, ko wanda ake ganin girmansa. Sai dai halinsa yana canjawa. Mai surutu ya koma zugum, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, yarinya ta riƙa ƙin aike wani shago, ko mai talla a tasha ta dawo da kuɗin da ya fi na kayanta. Haka ɗingishi ba dalili, tabon duka a baya, rama, da yawan fashin makarantar boko ko Islamiyya. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma idan biyu ko uku suka haɗu, a zaunar da yaron a tambaye shi cikin lallashi, ba da tsawa ba.

Wani zai ce wannan sa ido ne, kuma tona maganar zai hana yarinya aure. Tsoron nan ba na banza ba ne, mun san bakin mutanenmu. To amma wa shirun yake karewa? Yarinyar tana nan da ciwonta, mai laifin kuma ya wuce gida na gaba. Neman taimako ba shela ba ce. Ana iya gaya wa mai unguwa, Hisba ko ma'aikaciyar asibiti a asirce, kuma tun 2023 Kano tana da dokar kare yara. Idan fyaɗe ake zargi, kada a tsaya sulhu a zaure: maganin rigakafin ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. A fara da asibiti mafi kusa, ko cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano.