Kafin A Kama Ɗakin Haya A Birni, A Yi Lissafi

Kowace shekara idan an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, mutane da yawa sukan bar ƙauye su nufi birni. Wasu ci-rani suke zuwa, su dawo da faɗuwar ruwan fari. Wasu kuwa sun sami aiki ko sana'a, suna so su ɗauko iyali su zauna. Ɗan ci-rani yana iya kwana a zaure ko a shagon ɗan garinsu. Amma mai iyali dole ne ya kama haya.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Mutum zai sayar da buhunan gero, ko ya sayar da sa, ya biya hayar shekara, yana zaton ya gama. Wata bai cika ba, sai ga mai karɓar kuɗin wuta, ga ɗan garuwa, ga mai kwashe shara. A ƙauye ruwa na rijiya ne, itace na daji ne, shara kuwa taki ce ta gona. A birni duk waɗannan sai da kuɗi. Saboda haka kuɗin haya wani ɓangare ne kawai na kuɗin zama. Wanda bai lissafa sauran ba, bashi zai kama shi, ko ya koma gida hannu rabbana.

An ɗauki birnin Kano don misali. Amma bayanin zai yi amfani ga mai zuwa Kaduna, Zariya, Katsina ko wani babban gari.

Neman Ɗaki

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Don haka kada sabon zuwa ya nemi ɗaki shi kaɗai. Ya fara samun ɗan'uwa ko ɗan garinsu wanda ya daɗe a birni, su tafi tare.

Yawanci dillalai ne suke nuna ɗakunan haya. Dillali yana da la'adarsa. A wurare da yawa la'adar kashi goma ce cikin ɗari na kuɗin haya. Wato idan hayar Naira dubu ɗari ce, dillali zai karɓi dubu goma. A tambayi la'ada tun kafin a fita yawon duba ɗaki.

Akwai dillalai na ƙwarai, akwai kuma mayaudara. Mayaudari yakan karɓi kuɗin mutum biyu ko uku a kan ɗaki ɗaya, ya gudu. Maganin wannan shi ne kada a ba da kuɗi sai an ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa wanda maƙwabta suka sani. Yana da kyau kuma a je a gaida mai unguwa. Shi ya san gidan kowa, ya san gidan da ake rigimar gado a kansa.

Abubuwan Da Za A Duba

Gani ya kori ji. Mai neman haya ya shiga ɗakin da kansa, da rana tsaka, ya duba waɗannan abubuwa:

1. Rufi. Idan akwai tabon ruwa a silin ko a bango, ɗakin yana yoyo da damina.
2. Gindin bango da kwata. Idan gindin bango ya jiƙe ko ya zube, ruwa yana kwanciya a gidan. Ɗakin da aka kama da rani sai watan Agusta ake sanin halinsa. A tambayi maƙwabta ko unguwar tana ambaliya.
3. Bayan gida. Mutum nawa ne suke amfani da shi? Ya kusa cika? Idan ya cika, wa zai biya kuɗin yashewa?
4. Ƙofa da taga. Suna kulluwa? Iska tana shiga?
5. Wurin girki da wurin shanya. Yawan faɗan matan gidan haya a nan yake farawa.

Takarda Da Shaidu

Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya. A sa sunan mai gida da na ɗan haya, da yawan kuɗin, da ranar da haya ta fara, da ranar da za ta ƙare. A rubuta wanda zai yi gyara idan rufi ya lalace. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa. Duk lokacin da aka biya kuɗi, a karɓi rasit. Addinin Musulunci ma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara.

A nan ne amfanin ajin yaƙi da jahilci yake fitowa. Wanda ya iya karatu ba zai dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Idan takardar da Turanci aka rubuta ta, a kai wa malamin da aka amince da shi ya fassara tukuna.

Doka ba ta yarda mai gida ya watso kayan ɗan haya waje ba, ko ya cire masa ƙofa ko rufi. Sai ya ba shi takardar notis. Idan bai tashi ba, kotu ce za ta raba su. A yawancin jihohin ƙasar nan, idan ba a rubuta wani sharaɗi dabam ba, mai biya wata-wata ana ba shi wata ɗaya. Mai biya shekara-shekara kuma ana ba shi wata shida. Amma wanda ya daina biyan haya yana iya rasa wannan dama.

Wutar Lantarki

Har yanzu mutane suna cewa wutar NEPA. Amma tun shekarar 2005 aka canza wannan suna, kuma a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Kamfanin KEDCO shi ke kula da jihohin Kano, Jigawa da Katsina.

Hanyar biya iri biyu ce. Akwai gidan da yake da mita mai kati. A nan mutum yana sayen wuta kafin ya sha, idan ta ƙare ta ɗauke. Akwai kuma gidan da ba shi da mita, ana kawo takardar ƙiyasi kowane wata. Mita mai kati ta fi, domin abin da aka sha shi ake biya.

Kafin a tare, a nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe. Wani lokaci wanda ya tashi ya bar bashi mai yawa. Idan aka zo yanke wuta, wanda yake cikin ɗakin shi ne zai kwana a duhu. A rubuta a yarjejeniya cewa tsohon bashi ba na sabon ɗan haya ba ne.

A tambaya kuma wane rukuni unguwar take. An kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E. Rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana. B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Rukunin A ya fi kowa tsada. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗinsa Naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage.

Mene ne yunit? Kowane kayan wuta akwai lamba a jikinsa da ake kira wat. Abin da yake da wat dubu, idan ya yi awa ɗaya a kunne, ya sha yunit ɗaya. Dutsen guga yana kusa da haka. Tsohon ƙwai mai wat 60, idan ana kunna shi awa biyar kullum, zai sha yunit tara a wata. Sabon farin ƙwai mai wat 9 ba zai kai yunit ɗaya da rabi ba, kuma haskensu kusan ɗaya ne. Duk abin da yake yin zafi, kamar dutsen guga da hitar ruwa da risho na lantarki, shi ne mai cinye wuta.

Idan mita ɗaya ce a gida mai ɗaki da yawa, a zauna a yi tsarin rabo tun farko. Mai ƙwai ɗaya da fanka bai kamata ya biya daidai da mai firji ba. Kuma kada a yarda da mai cewa zai ja wuta ta bayan mita. Laifi ne, akwai tara, kuma yana jawo gobara.

Ruwa

Kano tana da matatun ruwa, kamar na Challawa da Tamburawa. Amma birnin ya yi girma, unguwanni da yawa ruwan famfo ba ya isa gare su. Mutanen irin waɗannan unguwanni sun dogara ga rijiya, da rijiyar burtsatse, da 'yan garuwa masu tura kura.

Jarka ɗaya takan ci lita 25. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku zai iya shan jarka huɗu ko fiye a rana, don sha da girki da wanka da wanki. Kuɗin jarka yakan tashi da bazara, lokacin da rijiyoyi suke ƙafewa. Yakan tashi kuma idan babu wuta, domin masu burtsatse sai sun sayi mai sun tada inji. Saboda haka gidan da yake da rijiya mai ruwa ya fi, ko da hayarsa ta ɗan ɗara.

A lura da inda rijiyar take. Idan tana kusa da masai, kada a sha ruwanta sai an tafasa. Ta haka cutar amai da gudawa take shiga gida. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin gawayi.

Girki, Shara Da Ƙananan Kuɗi

A birni ba a zuwa daji a yo itace. Sai a sayi gawayi, ko itace, ko iskar gas. Wasu masu gida ba sa yarda a hura itace a gidansu. A tambaya tun farko. Kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe lokacin sanyi. Yana fitar da wata iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci. Haka ma hayaƙin janareto.

Akwai kuma kuɗin masu kwashe shara, da na 'yan sintirin unguwa, da karo-karo idan tiransifoma ta lalace. Kowanne ƙanƙane ne, amma idan aka haɗa su sun yi yawa.

Kuɗin Mota

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa. Ɗaki a bakin gari ya fi araha, amma aiki yana cikin gari. Mai dako a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, idan ya kama ɗaki can wajen Mariri, kullum sai ya hau a-daidaita-sahu zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi ƙwarai. Mai aiki a kasuwar hatsi ta Dawanau ya fara dubawa ta wajen Kurna da Bachirawa. Mai aiki a kamfanonin Sharaɗa ya duba Ja'en da kewayenta.

Misalin Lissafi

Kuɗin da ke cikin wannan misali na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya tambayi farashin unguwarsa ya sa a madadinsu.

A ɗauka wani magidanci ya ga ɗaki biyu. Na farko Naira 120,000 ne a shekara, wato 10,000 a wata. Yana nesa da wurin aiki, kuma babu rijiya. Zai biya 600 kuɗin mota kullum. A kwana 26 na aiki ya zama 15,600. Zai sayi jarka huɗu kullum a kan 100 kowace. A kwana 30 ya zama 12,000. Jimla, 37,600 a wata.

Na biyu Naira 180,000 ne a shekara, wato 15,000 a wata. Da ƙafa zai je aiki. Akwai rijiya, jarka ɗaya ta sha kawai zai saya, wato 3,000 a wata. Jimla, 18,000.

Ɗakin da aka ce mai araha ne ya fi mai tsada cin kuɗi da Naira 19,600 kowane wata. Shi ya sa Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Tanadin Hayar Baɗi

Shekara tana da saurin zagayowa. Daga ranar da aka tare, a raba kuɗin haya gida goma sha biyu. Kowane wata a cire kashi ɗaya a ajiye a banki, ko a zuba adashi wurin mutanen da aka yarda da su. A ɗan ƙara wani abu a kai, domin mai gida yana iya yin ƙari. Wanda bai yi haka ba, shi ne yake komawa ƙauye ya sayar da akuyar matarsa, ko ya jinginar da gona.

A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta abin da aka kashe: wuta, ruwa, gawayi, mota, shara. Bayan wata biyu mutum zai ga inda kuɗinsa yake zurarewa. Idan haya da waɗannan suna cinye rabin abin da yake samu, ɗakin ya fi ƙarfinsa, domin ga abinci, ga magani, ga makarantar yara. Sai ya nemi wani, ko ya bar iyali a gida tukuna har ƙafarsa ta tsaya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, ya haɗa shi da maƙwabta na gari.