Ciwon Ƙashin da Ke Hana Barci: Kada a Ce Sanyi Ne

Jama'a, a yi hattara da ciwon ƙashin da ya ƙi tafiya. Mutum ya haura shekara 40. Baya ko ƙugu ko cinya na yi masa ciwo. Ya kwanta, bai lafa ba. Dare ya raba, ya tsananta. Ga rama, ga kasala. Sai a ce sanyi ne, a aiki yaro kemis. Kada hankalin kowa ya tashi, yawancin ciwon baya ba daji ba ne. Amma irin wannan na likita ne, kuma cikin makon nan.

Ciwon daji ya iya ɓuya. Yakan tsiro a wata gaɓa, ya bi jini, ya sauka a ƙashi. Daga wurare biyar ya fi tasowa: mama, huhu, ƙoda, ƙullutun maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo, da furostet na maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Sau da dama tushen shiru yake. Babu tari, babu jini a fitsari. Ƙashi ne ke fara kuka. Idan an rasa inda ya fito, huhu da ƙoda likitoci suka fi zargi.

Sai karaya. Dajin na cin ƙashi ta ciki kamar gara a azara. Dattijuwa ta yunƙura daga tabarma, cinya ta karye. Ba ta faɗi ba, ba a buge ta ba. Aka kira mai ɗori, ya ja, ya ɗaure da karare. Wata biyu ƙashi bai kama ba. Da wuya ya kama, don ruɓaɓɓe ne. Duk karayar da ta zo babu dalili, asibiti za a nufa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne dajin ƙashin baya ya danne laka. Ƙafafu su yi nauyi. Su riƙa dindiris. Fitsari ya tsaya, ko ya zubo ba a sani ba. A nan da awa ake lissafi. Wanda aka kai yana iya takawa, galibi zai ci gaba da takawa. Wanda aka bari har ƙafa ta shanye, da wuya ta dawo. Ko tsakar dare ne, a nemo mota.

Ƙashin da ke zagwanyewa yana zuba kalsiyam cikin jini. Sai ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bahaya, da ruɗewa. Mara lafiya ya kasa gane 'ya'yansa. A ce tsufa ne, ko a ce iska. Gwajin jini ɗaya ke nunawa, kuma ana saukar da shi da ƙarin ruwa da allura. Idan aka yi sake, ƙoda na iya tsayawa.

Hoton ƙashi ma yana yaudara. Sai ƙashi ya zaizaye da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 kafin ramin ya fito sarai. Idan hoto ya fito lafiya amma ciwo na nan, a koma. Kada kuma a ɗora mutum kan maganin tarin fuka na watanni bisa zato, don tarin fukan ƙashin baya da daji suna kama da juna.

Gaggawar yanka ita ma haɗari ce. Dajin ƙoda da ya sauka a ƙashi yana zubar da jini sosai idan aka taɓa shi. Shi ya sa ake bi daki-daki: a duba mama da wuya da furostet, a gwada jini har da PSA na furostet, a ɗauki hoton CT na ƙirji da ciki, sannan a ɗebo ɗan nama a auna. Da wannan ake gano tushen a mafi yawan marasa lafiya.

Sanin tushen shi ne sanin magani. Dajin furostet da na mama sukan lafa shekaru da magani. Gashi da na'ura yana rage zafi. Ƙarfe a cinya yana hana karaya. Ko tushen bai bayyana ba, ana yin magani. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai asibitocin koyarwa a Shika da Sakkwato. Ku kai mara lafiya yana tafe da ƙafarsa. Ku tafi da duk hotuna da takardun baya. Ku tambayi likita kai tsaye: daga ina ciwon nan ya taso?